'Yargalma: Kaska ta shiga tsakar gida, malaman dabbobi na nesa

A 2010, niƙa duwatsun zinare a tsakar gida ya jefa 'Yargalma ta ƙaramar hukumar Bukkuyum cikin annobar gubar dalma, wadda ta hallaka yara aƙalla 400 a Zamfara. Yau fargabar ɓarayin shanu na sa a ɗaure dabbobi dab da ɗakunan kwana, kaska kuwa na biyo su, musamman da damina. Tana ta'azzara kirci a jikin shanu, wani jinsinta kuma na yaɗa zazzaɓin Kirimiya-Kwango ga mutane.

Share turke, sassabe ciyawa da toshe tsagar bango aikin magidanta ne. Sai dai fesa maganin kasuwa babu awo na iya dawo da guba inda yara ke rarrafe. Tura malaman dabbobi ƙauyuka nauyi ne a wuyan gwamnatin Dauda Lawal.