Cacar Ƙwallo: Wai Naira Ɗari Ce Kawai

A gidajen kallon ƙwallo na Kawo da Unguwar Rimi, na lura matasa da dama hankalinsu ya bar wasan, ya koma kan tikitin caca. Wai naira 100 ce kawai. Alhali wanda ya haɗa wasanni 10, ko da kowanne rabi da rabi ne, damarsa ɗaya ce cikin 1,024. Kashegari zai koma neman fansa da kuɗin makarantarsa.

A 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano, amma cacar tana nan cikin waya. A Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar caca hurumin jihohi ce. A ganina, wajibi ne Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta fara da taƙaita tallanta da tilasta tantance shekarun masu yi.