Sharhi: Dabarun Yaƙi Na Dā A Wasannin Bidiyo Na Matasan Mubi

A ɗakunan kwanan ɗalibai na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi da na Jami'ar Jihar Adamawa, akan ga matasa huɗu sun duƙufa kan wayoyinsu suna buga PUBG Mobile ko Free Fire. A wasan farko ana jefa 'yan wasa har 100 a fili guda, a na biyu kuma 50. Filin yana ta ƙuntata, tawagar da ta rage a ƙarshe ita ce ta yi nasara.

Waɗanda suka daɗe a wasan sun san cewa saurin yatsa kaɗai ba ya kai tawaga ko'ina. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin fili, leƙen abokin gaba, rabon aiki da biyayya ga jagora ɗaya. Waɗannan su ne ginshiƙan littafin dabarun yaƙi mai babi 13 da ake dangantawa da Sun Tzu na ƙasar Sin, kimanin shekaru 2,500 da suka wuce.

Sai dai ba sai an je Sin ba. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta fi yawan mayaƙa da dawaki, amma 'yan baka ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka tsaya da tsari, suka yi galaba. Haka nan duwatsun Mandara da ke gefen Mubi sun daɗe suna kare al'ummomin da ke kansu daga mahayan dawaki. Tawagar da ta riga hawa tudu, ko ta bar wasu biyu suka gwabza kafin ta afka wa wanda ya jigata, wannan darasin take maimaitawa.

Lamarin ya wuce nishaɗi. Gasar duniya ta wasannin bidiyo da aka yi a Riyadh a 2024 ta ware kyaututtukan da suka haura dala miliyan 60, kuma waɗannan wasanni biyu suna ciki.

Amma Mubi gari ne da ya ɗanɗani yaƙin gaske. Boko Haram ta mamaye shi a ƙarshen Oktoban 2014, kafin sojoji da mafarauta su ƙwato shi a watan Nuwamba. Don haka fargabar iyaye game da wasan harbe-harbe tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince a 2019 cewa kamuwa da jarabar wasan bidiyo lalura ce.

Hani kaɗai ba zai raba matashi da wayar da ke aljihunsa ba. Abin da ya fi shi ne manyan makarantun garin su shirya gasa mai ƙa'ida da iyakar lokaci, a haɗa ta da darasin tarihi. Ɗalibin da ya iya tsara tawagar mutum huɗu ya kamata ya fara da tsara lokacin karatunsa.