Wanda Bai San Idon Taru Ba, Ya Bar Mana Labarin Masunta



A wani zaman karatu da muka yi kwanan baya, wani ɗan uwa ya karanta mana gajeren labarinsa. Jaruminsa masunci ne a bakin dam ɗin Challawa, can ƙasar Ƙaraye. Sai ga shi ya fito da asuba riƙe da doguwar sanda mai zobba, yana kaɗa zare a iska, da ɗan ƙwaron roba a bakin ƙugiya. Muka tambaye shi inda ya ga masuncin Ƙaraye yana su haka. Ya ce a fim ya gani, kuma ai kama kifi duk kama kifi ne. Wani ma ya kare shi da cewa mai karatu ba ruwansa da kayan aiki, soyayyar yake bi. Wannan magana ita ce muka zo mu rushe yau, domin ta daɗe tana cin rubutunmu kamar gara.

Mu fara da sandar da ya aro. Irin wannan fatsa ta Turawa ce, wadda ake yi a kogunan Ingila da Amurka. Ƙwaron da ke bakin ƙugiyar da gashin tsuntsu da zare ake ɗaura shi, ba shi da nauyin da za a jefa, don haka zaren ne ake yi da kauri, nauyinsa ya ɗauki ƙwaron zuwa nesa. Dalilin zobban ke nan. Wanda ya fi kusa da mariƙi shi ne babba, galibi da santsin tangaran a cikinsa saboda nan hannu ke jan zare. Na gaba ƙananan waya ne da aka murɗa kamar maciji, suna raguwa har zuwa na ƙarshe a tsinin sanda. Sanda mai ƙafa 9 kan ɗauki zobba wajen 10 ko 11. In sun yi kaɗan, zare ya saki ya riƙa dukan sanda, kuma in kifi ya ja, nauyin ya taru wuri guda har sandar ta iya karyewa. In sun yi yawa ko nauyi, tsinin ya mutu, jifa ta lalace. Masu haɗa sandar da hannunsu sukan kwana suna musu a kan wannan.

Su kuma marubutansu ba su raina irin wannan musu ba. Izaak Walton ya fitar da littafinsa kan fatsa tun 1653, har yau ana buga shi. Ernest Hemingway ya wallafa labarin tsohon masunci da teku a 1952, rabinsa kan zare da ƙugiya da yadda igiya ke yanka tafin hannu. Norman Maclean a 1976 ya ba da labarin 'yan uwa biyu da mahaifinsu ta hanyar yadda kowannensu ke jefa zare.  To mu me ya same mu? Mun aro sandar wasu ba mu san amfanin zobbanta ba, mun bar kayan gidanmu ba mu san sunayensu ba. Mun yi biyu babu.

An kammala dam ɗin Challawa a 1992. Ruwan ya ci gonaki da matsugunai, ya kuma buɗe sana'ar su ga mutanen Ƙaraye da Rogo, har da baƙin masunta da suka biyo kifi. Ga dam ɗin Kusalla ma a nan Ƙaraye. Wato yau akwai magidanta da aka haifa a gidan noma suka tashi da filafili a hannu. Wannan kaɗai ya isa littafi guda. Amma wa zai rubuta shi in bai san bambancin birgi da kalli ba?

Birgi jefa shi ake yi, ya buɗe a iska, dalmar da ke bakinsa ta ja shi ƙasa ya rufe kifi. Kalli shimfiɗa shi ake yi a bar shi cikin ruwa, kifi ya zo wucewa ya maƙale. Mamari doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi jere, ba ta buƙatar sanda. Gura ajiye ta ake yi, kifi ya shiga ya kasa fita. Fatsarmu kuwa sanda ce da zare ɗaure a tsininta, tana a bakin ƙugiya, babu zobe ko ɗaya, saboda ba nisa ake nema ba. Mai birgi yana tsaye jiƙe yana neman abin miyar yau. Mai kalli yana da jari da kwale-kwale. Yaro mai fatsa yana satar lokaci ne tsakanin makarantar allo da aiken gida. Faɗi kayan da ke hannun jaruminka, ka riga ka faɗa mana ko shi wane ne ba tare da ka ce "talaka ne" ba.

Yanzu ga inda maganar ta fi zafi. Masunta da yatsu suke auna idon taru. Mai faɗin ido yana barin ƙananan karfasa da 'ya'yan tarwaɗa su wuce su girma. Mai ƙaramin ido yana kwashe kowa da kowa. Akwai masu kai wa ga gidan sauro, akwai masu zuba guba a ruwa. Ka ɗauki masuncin da matarsa ke kan gwiwa, babu kuɗin asibiti, ga gidan sauro rataye a ɗaki, ga Sarkin Ruwa ya hana. Ya ɗauka ko ya bari? Ga rikici, ga jaraba, ga tsoron Allah, duk a cikin faɗin yatsa biyu. Wanda ya rubuta "ya je ya kamo kifi" ya tsallake labarin gaba ɗaya.

Za a ce mana kalmomin nan sun yi wa mai karatun birni nauyi. To sunayen motoci da turaruka da otal-otal na Dubai da muke cika shafuka da su, wa ya taɓa fassara masa? Ya koya ne daga yadda muka yi amfani da su. Haka zai koyi mamari in ya ga ƙugiyarsa ta kama yatsan jarumi. Za a kuma ce babu kuɗin bincike. Daga Kano zuwa Ƙaraye ba tafiyar kwana ba ce.

Ba muna cewa a mayar da labari darasin makaranta ba. Kalma biyu ko uku da aka sa a gurbinsu sun fi shafi guda na bayani. Amma sai ka san goma kafin ka zaɓi ukun. Ba kuma muna haramta sandar Bature ba. In jaruminka ɗan Rogo ne da ya yi karatu a waje ya dawo da ita, sa masa ita, ka bar tsofaffin masunta su yi masa dariya. Sharaɗin kawai ka san abin da ka ɗora masa.

Bargery ya tattara kalmomin Hausa a ƙamusunsa na 1934, ciki har da na su. Kalmar da ke kwance a ƙamus kaɗai tana jiran kabari ne. Mu ne za mu mayar da ita bakin mutane.

Saboda haka aikin wannan mako: kowa ya nemi masunci, ko maƙeri, ko masaƙi, ya gaishe shi da ladabi, ya zauna. Ka ce, "Baba, don me ka zaɓi wannan ka bar wancan?" Ka rubuta amsar da bakinsa, ka kawo mana sakin layi ɗaya. Zuwa da kai ya fi aike.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka.