Baƙin ƙanzon murhun gashi ba ɗanɗano ba ne

A Texas da Kansas City ta Amurka ba a gasa nama da gaggawa. Banda ake yi masa: a hura gawayi da itace, a rufe murhu, a tsayar da zafi tsakanin digiri 107 da 120, ƙirjin sa ya kwana yana shan hayaƙi har awa 12 ko fiye. A irin murhun da kamfanin Weber ya fito da shi a 1981, mai siffar ganga a tsaye, akwai kwanon ruwa tsakanin wuta da nama. Shi ke tare harshen wuta, shi ke daidaita zafi, tunda ruwa ba ya wuce digiri 100 muddin bai ƙafe ba. Sai dai duk kitsen da ya narke cikinsa yake ɗiga, haɗe da sukari da yajin da aka shafa wa naman. Ruwan na ƙonewa, sai abin ya daskare ya zama baƙin ƙanzo mai taurin gaske.

A can akwai masu cewa a ƙyale baƙin da ya taru a murhu, wai shi ke ƙara wa nama armashi. Irin maganar nake ji a bakin wasu masu tsire da balangu a nan gida, idan aka nuna musu wayar gashi da tiren da maiƙo ya lulluɓe. Ban yarda ba. Tsohon kitse lalacewa yake yi, yana kiran ƙuda da ɓera, kuma in ya kama da wuta ƙaurinsa ne ke hawa kan naman yau. Hayaƙin kitsen da ya ƙone yana ɗauke da sinadarai masu cutarwa, cikinsu har da benzo[a]pyrene, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar. Ba cewa nake yi tsinken tsire guda zai kwantar da mutum ba. Amma mai gashin da ke tsaye kan tukuba kowane dare, shi ya fi kowa shaƙar wannan hayaƙi, kuma saboda shi na fi damuwa.

Wankin kwanon ruwan nan ba wuya gare shi ba, jinkiri ne ke mai da shi aiki. Tun kwanon na da ɗumi a juye kitsen cikin gwangwani, kada a zuba a magudana don zai toshe ta. A cika shi da ruwan zafi, a zuba bekin soda, a bari ya kwana. Da safe ƙanzon ya yi laushi, sai a kankare da katako a bi da sabulu. Kwanon Weber ƙarfe ne mai rufin tangaran, kuma duk inda wuƙa ta karce shi, nan tsatsa za ta fara. Shi ya sa da yawa daga masu irin wannan murhu ke naɗe shi da takardar alminiyam kafin su kunna wuta.

Mu kuwa maganin yana gindin murhu. Toka da kanwa suna narkar da maiƙo, kuma da ruwan toka da mai iyayenmu mata ke dafa sabulun salo. A kula kawai: suna cin alminiyam, suna baƙanta shi, don haka a taƙaita su ga ƙarfe. Sodar yin sabulu kuma a nisanta ta da kayan abinci, tana ƙona fata, tana makantarwa.

Burushin waya shi ma abin tsoro ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mutum shida a Rhode Island da suka haɗiye silin wayar burushi a cikin gasasshen nama, wasu sai da aka yi musu tiyata. Soson ƙarfen da muke saye a kasuwa haka yake zubar da gashi idan ya tsufa. Wanda ya goge waya da shi, ya bi ta da jiƙaƙƙen tsumma, ya duba da idonsa kafin ya ɗora nama.

Ina roƙon sarakunan fawa su sa wannan cikin ƙa'idar sana'a, duba-gari kuma idan sun zo zagaye kada su tsaya kan naman da ke sama. Su ɗaga tire, su juya waya su ga bayanta.