Jinin Dasashi Ba Abin Wasa Ba Ne

Jama'a, akwai wata magana da muke ji a rumfunan goro, daga Aboabo har Nima, wai in likita ya kankare wa mutum haƙora sai su yi girgiɗi su zube. Wannan magana ba ta da tushe, kuma tana jawo wa mutanenmu hasara.

Ga yadda abin yake. Dauɗar da asuwaki bai kai gare ta ba, ita ke daskarewa a ƙarƙashin dasashi ta zama kamar dutse. Sai dasashi ya kumbura, ya riƙa jini, baki ya yi wari, a hankali ciwon ya cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori. Mai cin goro sau da yawa ba ya ma lura da jinin, don jan goro ya ɓoye shi. To, sa'ad da likita ya yi allurar kashe zafi, ya kankare dutsen nan har saiwa, giɓin da mutum ya gani dā ma yana nan, dauɗa ce ta rufe shi. Ƙashin da ciwo ya cinye kuwa ba ya komowa.

Asuwaki sunna ne, ba mu musa ba, amma ba ya fasa abin da ya riga ya daskare. Alaramman da haƙoransa na gaba suka zube, yaya zai fitar da sinun a karatu?

Duk wanda ke ganin jini in yana asuwaki, balle mai ciwon sukari ko mai shan taba, ya tafi sashen haƙori na asibitin Komfo Anokye a Kumasi, ko Korle Bu a Akara. Aikin yakan kai zuwa biyu, saboda haka a tambayi kuɗinsa tun da fari.