Hasashen ruwan sama ba duba ba ne

 Akwai maganar da ke yawo a majalisunmu bayan Magariba: wai sauraron hasashen hukumar NiMet shiga hurumin Allah ne, tunda babu mai sanin gaibu sai Shi. Gaskiya ne, gaibu na Allah ne. To amma in hadari ya haɗo daga gabas, me ya sa muke rige-rigen kwashe goro da atamfa daga bakin rumfa? Duba muka yi? A'a, alama muka gani. Su ma masanan alama suke karantawa, sai dai da tauraron ɗan'adam da ma'aunin ruwa.

Abin ba ɓoyayye ba ne. Da damina iska mai laima na tasowa daga Tekun Atlantika, zafin rana ya ɗaga ta sama ta zama gajimare. In ta yi nauyi, ruwan da ya kamata a yi cikin makonni sai ya sauko cikin sa'o'i, a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi. A nan Ibadan ruwa kan lafa a watan Agusta, sai mu saki jiki. Amma ambaliyar Ogunpa ta 1980, wadda Yarbawa ke kira Omiyale, ranar 31 ga Agusta ta zo. Ta 2011, wadda ta ci rayuka sama da ɗari, ranar 26 ga Agusta.

Masanan ba za su ce mana ƙarfe kaza, a layi kaza ba, ba su ma yi da'awar haka ba. Amma tun farkon shekara suna fitar da hasashen damina, kuma sukan yi gargaɗi 'yan kwanaki kafin ruwa mai ƙarfi.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wa ke juye shara a kwata da dare? Wa ya kafa shago a kan magudanar ruwa? Mu ne. In ruwa ya shigo ɗaki ya jiƙa buhunan wake, sai mu ce ƙaddara. Annabi Nuhu, alaihis salam, bai jira ruwa ya sauko ba kafin ya sassaƙa jirgi.

Saboda haka kowane layi ya fito da shebur a yashe kwata tun yanzu. Masu shago a gangare su ɗaga kaya bisa katako. In an yi gargaɗi a rediyo, ladanai su sanar a lasifikar masallaci. Mu yi namu, sannan mu ɗaga hannu. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, amin.