Ƙari ga ƙaramar bindiga: ko kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Kwanan baya, a rumfar wani abokina ɗan kasuwa a Maraɗi, ɗansa ya miƙo mini salula ya ce in kalli abin mamaki. Wani Ba'amurke ne zaune gaban tebur, ya warware ƙaramar bindigarsa, irin wadda muke kira pistole, yana nuna abin da ya sake mata ɗaya bayan ɗaya: sabuwar kunama, sabon bututu mai ruwan zinariya, gilashin saiti a bisa, fitila a ƙarƙashi. Yaron ya ce: "Baba, ka ga yadda ake mai da bindiga ta cika bindiga." Mahaifinsa kuwa, da yake ɗan kasuwa ne, tambaya ɗaya ya yi: "Nawa ya kashe, kuma me ya samu?"

Tambayar Alhaji ita ce ta dace, kuma ita nake so mu bi a wannan mako. Ra'ayina shi ne mafi yawan abin da ake ƙara wa ƙaramar bindiga bayan ta fito daga masana'anta asarar kuɗi ne, wani sashe nasa kuma hatsari ne ga mai ita da maƙwabcinsa. Akwai ƴan abubuwa kaɗan masu amfani, kuma zan faɗe su, domin adalci ya wajaba ko a kan abin da mutum ba ya so.

Wannan al'ada gidanta Amurka, can ya kamata mu fara dubawa. An ƙiyasta a shekarar 2017 cewa farar hula na ƙasar na riƙe da bindigogi kimanin miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Inda kaya suka yi yawa haka, dole kasuwar kayan ƙari ta tashi. Kowane watan Janairu masu wannan sana'a kan haɗu a birnin Las Vegas a babban bajekolin da suke kira SHOT Show. Sabuwar pistole irin ta Glock ana samunta a kan dalar Amurka 500 zuwa 600, wato wajen jikka 300 na kuɗinmu, amma gilashin saiti mai kyau shi kaɗai yana iya kai wannan farashi. In an haɗa da kunama da bututu da ladan mai gyara, sai ka tarar kayan ado sun ninka kuɗin amarya. Duk ɗan kasuwa ya san dabarar: wanda ya riga ya sayi abu ba zai sake sayensa bana ba, saboda haka sai a nuna masa cewa abin da ke hannunsa bai cika ba.

To, shin bai cika ba ɗin? Mu ɗauki Glock ɗin misali, tunda ita aka fi yi wa ƙari. Gaston Glock, mutumin Ostiriya, ya ƙera ta a farkon shekarun 1980 domin sojan ƙasarsa, kuma sai da ta ci jarrabawar harbi dubbai, da zafi, da sanyi, da laka, da faɗuwa ƙasa, kafin a karɓe ta. A cikinta akwai makarai 3 da ke hana ta tashi in ba an ja kunama ba, kuma kunamar na bukatar jan da ya kai nauyin kilo 2 da rabi. Waɗannan abubuwa a ɗaure suke da juna. Nauyin ƙarfen da ke komawa baya, da ƙarfin sifirin da ke dawo da shi, da zurfin inda ƙarfe ya kama ƙarfe, duk an auna su tare. Wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa sauran, ko ya sani ko bai sani ba.

Direbobinmu sun san wannan darasi tun zamanin Fijo 404 mai tanti. A ƙara mata ganyen sifirin a baya domin ta ɗauki buhu goma bisa ƙa'ida, ta kuwa ɗauka, amma birkinta na nan yadda masana'anta ta yi shi, ranar da aka zo gangara sai a ji labari. Bambancin kawai shi ne mota takan yi ƙara ta gargaɗe ka tun da sauran lokaci, bindiga kuwa gargaɗinta shi ne harbinta.

Abin da aka fi sakewa shi ne kunama. Masu sayarwa na cewa kunama mai sauƙin ja tana sa hannu ya daina girgiza, harsashi ya tafi inda aka nufa. A filin gasa, inda ake harbin takarda da rana tsaka, babu mai kora, maganarsu gaskiya ce, shi ya sa ƴan gasa ke sauko da ita ƙasa da kilo 2. Amma wanda ya ajiye bindiga domin tsaron kai ba a filin gasa zai ɗauko ta ba. Cikin dare ne, zuciya na bugawa, hannu na rawa. Mutum in ya firgita, ko ya yi tuntuɓe, yatsunsa kan damƙe da kansu ba da izininsa ba. Nauyin nan da ake ƙorafi a kansa shi ne ɗan jinkirin da ke tsakanin tsoro da kisa, shi ne lokacin da mutum ke gane cewa inuwar da ke bakin zaure ƙanensa ne ya dawo daga hira. Ban da haka, kunamar da ba a daidaita da kyau ba tana iya raunana makarin da ke cikin bindigar, har ta tashi don ta faɗi ƙasa kawai. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Masu wancan ra'ayi na da hujjar da ba za a raina ba, wato labarin ƴan sandan birnin New York. Sa'ad da suka koma ga irin waɗannan bindigogi a shekarun 1990, hukumarsu ta sa aka ƙara wa kunamar nauyi har wajen kilo 5 da rabi, domin gudun harbin kuskure. Daga baya wani bincike na cibiyar RAND da ya fito a 2008 ya nuna cewa daga 1998 zuwa 2006, in ana musayar wuta, harsashi 18 cikin 100 kawai na ƴan sandan ke samun wanda aka nufa. Mutane da yawa sun ɗora wani sashe na laifin a kan nauyin kunamar, kuma a 2021 hukumar ta yanke cewa sababbin ɗauka za su riƙe mai sauƙi. Sai masu kayan ƙari suka ce, kun gani? To amma a duba da kyau. Abin da aka yi wa bindigogin New York tun farko shi ma ƙari ne, kuma da aka tashi gyara, ga awon masana'anta aka komo, ba a gangara ƙasa da shi ba. Hukuma mai dubban ma'aikata da filayen gwaji ta yi kusan shekara 30 kafin ta gane cewa ma'aunin asali ya fi. Ina ga mutum ɗaya da ya kalli bidiyo biyu ya ɗauko sukurdireba?

Yanzu ga abin da na yarda yana da amfani. Na farko, saiti. Ido na tsufa, duk ma'aikacin da ya haura 45 ya fara nisanta takarda kafin ya karanta ya san haka. Saiti mai haske cikin duhu, ko gilashin nan mai jan ɗigo, yana taimakon irin wannan ido, shi ya sa masana'antu da kansu suka fara fito da bindigogi da gurbin ɗora shi, har da wadda sojan Amurka suka zaɓa a 2017. Amma shi ma da sharaɗinsa: gilashin na cin batir, yana ɗaukar ƙura, sinadarin da ke haskaka saitin dare kuma rabin haskensa na tafiya cikin shekara 12, kuma wanda bai yi atisaye da shi ba zai tsaya neman ɗigon a lokacin da babu lokaci. Na biyu, fitila, domin tana sa mutum ya ga fuska kafin ya yanke hukunci. Na uku, kube mai kyau da ke rufe kunama, da akwatin ƙarfe mai makulli. A lura, duk waɗannan babu wanda ya shiga cikin bindigar. Suna taimakon ido, ko suna tsare yatsa, ko suna nisanta yaro.

Akwatin nan shi ne wanda ba a yi wa talla, alhali kuwa shi ya fi ceton rai. A 2021 mutum 48,830 harsashi ya kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Tun 2020 bindiga ta wuce hatsarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasan ƙasar. Babu bututun zinariya da zai rage ko ɗaya daga cikin wannan adadi. Makulli na ragewa.

Sai kuma ƙarin da ya fita daga asara ya shiga laifi. Akwai wani ɗan ƙarfe, bai wuce kan babban yatsa ba, da ɓata-gari ke liƙa wa pistole ta riƙa zubo harsashi kamar bindigar yaƙi, har ta zazzage cikinta cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Dokar Amurka ta 1934 da ta 1986 sun ɗauki ɗan ƙarfen shi kaɗai a matsayin bindiga mai sarrafa kanta, kuma riƙe shi na iya kai mutum kaso shekara 10. Duk da haka hukumar ATF mai kula da makamai ta ce ta kama irin waɗannan na'urori 5,454 daga 2017 zuwa 2021, alhali a shekaru biyar da suka gabaci wannan 814 ne. Ƙaramar bindiga ba ta da nauyin da zai danne irin wannan gudu, bakinta sama yake yi, harsashi ya watsu a kan wanda bai ji ba bai gani ba. A Sacramento, cikin watan Afrilu na 2022, mutum 6 suka mutu a wani harbi na cikin gari inda aka samu irin wannan bindiga. Kasuwar da ta koya wa matashi cewa bindigar masana'anta ba ta isa ba, ita ta share wa wannan hanya.

Mai karatu zai ce, wannan ai can ne, mu ina ruwanmu? Da ruwanmu, domin mu ma muna da namu ƙarin, kuma ya fi nasu muni. Bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, da buɗewar wuraren haƙar zinariya na Jado a 2014, bukatar ƙananan makamai ta ƙaru a arewacin ƙasarmu. Cikin abin da ya shigo har da pistole ƙirar Turkiyya waɗanda asalinsu na ƙara ne kawai, ba a yi su don fitar da harsashi ba, sai wasu suka juya su. Cibiyar Small Arms Survey ta birnin Janeba ta ambaci wannan a rahotonta na 2018 a kan Nijar. Ƙarfen irin wannan bindiga ba a zuba shi don ɗaukar ƙarfin harsashi na gaskiya ba. Tana iya kashe wanda ke gabanta, tana iya fashewa ta tafi da yatsun wanda ke bayanta. Araharta ce ke ruɗin mutane, kuma araha ba ta ado.

Ban manta da tsoron da ke zuciyar ƴan kasuwarmu ba. Wanda ke bin hanyoyin Madarunfa da Gidan Runji, inda masu satar shanu da masu garkuwa da mutane suka addabi jama'a, ba za a ce masa ya kwantar da hankali da baki kawai ba. Tsaron hanya haƙƙi ne a kan gwamnati, kuma jarida ba za ta gaji da tuna mata ba. Amma mu tuna ƙasar nan ta san kuɗin makami. A 1994 aka kafa hukumar tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, ranar 25 ga Satumba ta 2000 kuma aka cinna wa bindigogi fiye da 1,000 wuta a Agadas don shaidar sulhu. Riƙe bindiga a Nijar sai da izinin ofishin ministan cikin gida, kuma izinin a kan bindiga sananniya ake ba da shi, mai lamba, mai kama. Wanda ya sauya mata hali ya fita daga inuwar takardarsa, ranar da tsautsayi ya faɗa kuma shi kaɗai zai tsaya gaban alƙali yana bayanin abin da ya sa ya mai da ita mai saurin tashi.

Saboda haka ga amsar tambayar Alhaji. Wanda doka ta ba shi izini, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin duwan ko jandarma, ya bar cikin bindigarsa yadda aka ƙera shi. In wani abu ya lalace, a sa na asali, a hannun wanda hukuma ta yarda da shi. Kuɗin da ya yi niyyar kashewa a kan ado ya sayi akwati mai makulli, saura ya nemi horo, domin kuskuren harbi daga hannu yake fitowa fiye da daga ƙarfe. Wanda kuma ba shi da izini, gidajen aika kuɗi sun cika garuruwanmu, tafiya da aljihu marar nauyi ta fi masa kowace pistole. Hukuma kuma ta sa ido a kan bindigogin ƙara da ke shigowa da sunan abin wasa.

Yaron nan na rumfa bai gamsu ba, na gani a fuskarsa. Mahaifinsa dai ya karɓi salular ya kife ta a kan buhun shinkafa, ya ce masa ya je ya ƙirga katan ɗin da suka iso daga Kwatano. Allah ya tsare mu da zuri'armu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.